Ina shan ƙwayar tazarar haihuwa ciki ya shiga, ga dokar cocinmu ga maganar likita, Anti ina mafita?

Anti barka da aiki, ya gida ya iyali, Allah ya ƙara basira. Na daɗe ina bin shirinki amma ban taɓa zaton ni ma wata rana zan rubuto ba, dan Allah ki ɓoye sunana domin a unguwarmu ana jin ki sosai kuma ana jin labarin za a gane ni.

Ni Bahaushiya ce Kirista 'yar ɗariƙar Katolika, iyayena daga wajen Sumaila suka zo amma a Sabon Gari aka haife ni nan na tashi nan nayi aure. Shekarata 33, yarana uku. Na faɗi addinina tun farko ne saboda duk matsalar a kansa take, kuma nasan yawancin masu sauraronki Musulmi ne ba lallai su san yadda abin yake a wajenmu ba.

Haihuwata ta uku ita ce ta kusa tafiya da ni. Tun ina wata bakwai ƙafafuna suka kumbura har silifas baya shiga, a wajen awo aka ce jinina ya hau, ranar da abin ya zo kuwa ni bansan inda kaina yake ba, jijjiga ta kama ni a tsakar gida maƙociyata ce ta kwashe ni a adaidaita sahu, na farka na ganni da ɗinki a ciki an yi min aiki an ciro yarinya. Kafin a sallame ni likita ya zaunar da ni da maigidana yace lallai in huta aƙalla shekara 2 kafin wani cikin, saboda ɗinkin mahaifa da kuma jinin. Maigidan yace to. Ni ma nace to. Amma babu wanda ya tambayi ta yaya.

Anti a cocinmu an hana duk wani abu da zai toshe ɗaukar ciki da gangan, ƙwaya ce ko allura ko ashanar da ake sawa a hannu ko kwaroron roba ko ɗaure mahaifa, kai har zubarwa a waje da naji maƙotana Musulmi suna cewa azalu, wanda malamansu da yawa suka halatta, mu a wajenmu shi ma babu. Paparoma Paul na shida ne ya tabbatar da hakan a wasiƙarsa Humanae Vitae a 1968, dalilin da aka koya mana a darasin aure shi ne kwanciyar miji da mata tana ɗauke da abu biyu, haɗa zuciya da buɗe ƙofar haihuwa, kuma ɗan adam bashi da ikon raba su da hannunsa. Ranar ɗaurin aurenmu ma a gaban bagadi Fada, wato limamin cocinmu, ya tambaye mu ko zamu karɓi 'ya'ya daga hannun Allah da ƙauna, da bakina na amsa. Amma kar mutane su ɗauka coci cewa tayi ayi ta haihuwa ba lissafi, a'a, wasiƙar nan da kanta ta yarda idan akwai dalili mai ƙarfi kamar rashin lafiya ko halin rayuwa ma'aurata su bada tazara, sai dai ta hanyar lura da jikin mace, a ƙaurace wa juna a kwanakin da zata iya ɗaukar ciki a sadu a sauran. Ni na yarda da wannan koyarwar har zuciyata, ban rubuto dan in zagi cocina ba.

To amma tsoro ya fi ƙarfina. Yarinyar tana wata biyar al'adata ta dawo, kuma nas ta riga ta faɗa min shayarwa tana kare mace daga ɗaukar ciki ne kawai a wata 6 na farko, shi ma idan nono zalla ake bayarwa dare da rana kuma jini bai dawo ba. Daren da na ga jinin nan ban runtsa ba, ina ta shafa tabon cikina ina kallon yaran suna barci a katifa ɗaya. Washegari na tafi wani asibiti nesa da unguwarmu inda babu wanda ya sanni, aka auna jinina aka bani ƙwayar masu shayarwa, aka ce kullum a lokaci ɗaya, idan na wuce awa 3 to akwai matsala. Na saka ƙararrawa a waya ƙarfe tara na dare. Katin ƙwayar a cikin tsohon gwangwanin Bournvita nake ɓoye shi ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawa, can bayan kwanuka. Maigidana ya sani, abin da yace kawai shi ne "ke kika sani, ni dai kar ki saka ni a ciki." Daga ranar na daina zuwa karɓar Jikin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki da ake karɓa a coci lokacin ibada, idan mutane sun tashi sun shiga layi sai in sunkuyar da kai in yi kamar ina gyara goyo.

Bayan kamar wata uku tari ya kama ni wanda yaƙi jin magani, ga zufa da dare ga rama, aka gwada majina aka ce tarin fuka ne, aka ɗora ni a maganin wata 6, wanda yake maida fitsari ja ɗin nan. Wadda take rubuta katina ta tambaye ni ko ina shan wani magani, na ɗaga kai sai naga 'yar cocinmu ce muna zumunta ɗaya, Anti bakina ya mutu, nace babu. Wannan "babu" ɗin ita ce ta kawo ni inda nake yau. Ban tsallake ƙwayar nan ko rana ɗaya ba Allah shi ne shaidata, amma yarinya tana wata 11 na fara jin tashin zuciya, gwaji ya nuna ciki. Sai daga baya wata likita ta bayyana min cewa cikin magungunan tarin akwai rifampicin, shi yana sa hanta ta riƙa narkar da sinadarin ƙwayar da sauri har ya zama kamar ba a sha ba, kuma ko an daina shan shi sai an yi kusan wata guda kafin jiki ya koma daidai. Tace dama ko ba wannan, cikin mata 100 masu shan ƙwaya yadda mutane suka saba sha da mantuwa da komai kamar 7 suna samun ciki a shekara, amai da gudawa ma suna iya ɓata ta. Da na faɗi gaskiya ranar nan da an gaya min.

Yanzu cikin yana wata biyar, na gama maganin tarin, na yaye yarinyar dole tun bata isa ba, a gidan haya kuwa sai raɗe-raɗi ake wance tayi kwanika. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wata babbar mace a Zumuntar Mata, ƙungiyar matan cocinmu, da na ɗauke ta uwa na buɗe mata cikina, sai tace ai Allah ne ya nuna min iyakata, wanda ya bar hanyar Allah ya kama ta bature abin da zai gani kenan. Na koma gida ina kuka a hanya. Ni ban yarda ɗan da ke motsi a cikina bulala ba ne, kuma da naje furta zunubi wajen wani Fada dattijo shi ma bai ce haka ba, ya saurare ni har na gama, yace abin da nayi ya saɓa koyarwar coci bazai ɓoye min ba, amma ɗa kyauta ne ko ta wace hanya ya zo, kuma Allah ya ga tsoron da ya kai ni. Yace in je in koyi hanyar lura da jiki da kyau wajen waɗanda aka horar, kuma in tafi da mijina. Na koma karɓar Jikin Ubangiji ranar Lahadin da ta biyo baya, hannuna har rawa yake.

To nan fa gizo ke saƙar Anti. Likita tace wannan karon ma mai yiwuwa aiki za a sake yi, kuma bayan shi wani cikin kusa-kusa zai iya zama ajalina, har ta kawo maganar a ɗaure mahaifar gaba ɗaya lokacin aikin in na amince, wanda shi ma coci ta hana. Na fara bincike a kan hanyoyin da aka yarda mana. Akwai na ƙirga kwana da wani abu kamar carbi mai launi-launi, ana ƙauracewa daga rana ta 8 zuwa ta 19, amma sai macen da al'adarta ke zagayowa tsakanin kwana 26 da 32, ni kuwa tawa wani watan 24 wani watan har 38, kinga bai kama ni ba. Akwai na auna zafin jiki kullum da asuba kafin a sauko daga gado, mai goyo da ke tashi sau huɗu a dare ga zafin Kano ba wuta anya awon zai faɗi gaskiya? Wanda wata Sista, cikin matan da suka keɓe kansu ga hidimar coci, ta fara nuna min shi ne na Billings, wasu likitoci mata da miji 'yan Katolika a Ostareliya ne suka fito da shi, mace tana lura da damshin gabanta kullum tana rubutawa da dare, ranar bushewa daban, ranar da ta ga abu mai santsi da yauƙi kamar ɗanyen farin ƙwai to ƙwai ya kusa fita, sai a haƙura har a ƙirga kwana 3 bayan ranar ƙarshe ta santsin. Tace dalili shi ne ƙwan mace baya wuce kwana ɗaya amma maniyyi yana iya rayuwa har kwana 5 a cikin wannan damshin. Na fahimta kuma naji daɗin sanin jikina, sai dai ita da kanta tace lokacin shayarwa alamomin suna rikicewa, ana iya ɗaukar makonni ana jira.

Kuma duk wannan aikin mutum biyu ne. Maigidana direban babbar mota ne Kano zuwa Legas, wani lokacin sati biyu wani lokacin uku baya gida, idan ya dawo kwana biyu ko uku ne ya juya, kuma ba jikina ne yake tsara masa ranar dawowa ba, lodi ne. Ba mugu ba ne wallahi, baya duka baya zagi, yana dawowa da burodi da ayaba yaran su yi ta tsalle, amma da na gwada yi masa maganar sai yace shi da yake kwana a titi yana kare kansa saboda ni, ya dawo gidansa kuma a nuna masa takarda a ce yau ba hali? Nace ya raka ni wajen Sista yace shi bazai zauna gaban mace ana zancen shimfiɗarsa ba. Shi ƙwaya bai hana ba bai kuma yarda ba, lissafi bai ƙi ba bai kuma karɓa ba, komai a kaina yake ƙarewa, zunubin nawa, tsoron nawa, wuƙar likita ma a cikina zata sauka.

Anti ba fatawa nake nema a wajenki ba, nasan wannan na Fada ne. Abin da nake so ki taya ni da shi, ta yaya zan shawo kan mutumin nan ya gane raina ne a kan layi ba ƙin shi nake ba? In sa wansa a maganar, ko hakan tona asirin ɗaki ne zai ƙara fusata shi? In roƙi likitar ta kira shi ta faɗa masa da bakinta a gabana? Kuma idan cikin masu sauraro akwai 'yar Katolika ko ma wace ce da ta riƙe hanyar Billings shekaru alhali mijinta matafiyi ne, musamman wadda aka taɓa yi wa aiki, dan girman Allah ta turo ta faɗi yadda suka yi a watannin shayarwa. Saura min wata huɗu, kuma likita tace kafin ranar aikin take so in kawo mata amsa.

Taki a kullum,
Maman yara uku daga Sabon Gari, Kano