Sanarwa kan tafiyar kallon gasar ƙwallon mata

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Za mu zauna ranar Asabar bayan sallar La'asar a filin atisayenmu da ke Samaru, domin tsara tafiya Lafiya kallon wasan gida na Nasarawa Amazons a gasar ƙwallon ƙafa ta mata ta ƙasa. Yaranmu mata sun kalli Super Falcons, ƙungiyar ƙwallon mata ta Najeriya, a talabijin suna ɗaga kofin Afirka karo na 10 a Maroko, amma har yau ba su taɓa zama a babban fili suna jin ihun ƴan kallo ba, abin da ya daɗe yana damuna.

Kowa ya zo da naira 5,000 gudummawar kuɗin mota, kowace yarinya kuma da takardar amincewar iyayenta. Wanda uzuri ya hana shi zuwa ya sanar da ma'aji kafin Juma'a.

Allah ya bar zumunci.