Wasiƙa daga Gusau: An Ƙara Mini Wa'adi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma sanyin Ingila bai mayar da kai ga kwana da hular nan taka ta zamanin Samaru ba. Na san shirun ya yi tsawo. Tambayar da ka yi mini tun kafin azumi, cewa yaushe zan kare kundin digirina, ita ce ta ɗaure mini hannu, domin a lokacin ni kaina ba ni da amsa. Yau da hantsi takarda ta iso: an ƙara mini wa'adin shekara guda. Alhamdu lillahi. Kai ne na biyu da na sanar bayan Inna, wadda ta riga ta yi alkawarin sadakar masa ranar Juma'a.

A takardar roƙon na jera wa jami'a abin da kowa ya sani: rufe makarantu saboda korona a watan Maris na 2020, da yajin aikin malaman jami'o'i da ya kai mu har Disamba, da katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, lokacin da sai na shiga mota zuwa Sakkwato kafin in iya tura wa mai duba aikina babi guda, sannan yajin aikin 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Amma da na tsaya gaban kwamiti, wani dattijo a cikinsu ya tambaye ni, cikin mutunci kuwa, me ya hana mai binciken manhaja aiki a ɗakinsa, tunda kwamfuta ba ta shiga yajin aiki.

Tambayar ta yi mini daɗi, domin ita ce ainihin abin da nake bincike a kai. Na ce masa, ranka ya daɗe, ni mutanen da ke rubuta manhajar nake nazari, kuma su ne suka watse. Da aka ɗauke sabis, matasan da na shafe watanni ina zama da su sun koma Kano da Abuja da Zariya neman abinci, kaɗan ne suka dawo.

Ka tuna shagon nan na Tudun Wada da na kai ka? Su uku ne, suna rubuta wa wata makaranta manhajar lissafin kuɗin ɗalibai. Ƙaraminsu ya gano cewa duk wanda ya biya rabin kuɗi sau biyu, manhajar tana nuna ana binsa bashi, kuma babbansu ne ya rubuta wannan sashen. Sati biyu yaron yana kallon kuskuren, yana kawo masa ruwan shayi, bai buɗe baki ba. Da na keɓe shi na tambaya, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, shi ya koya mini kunna kwamfuta, da wane ido zan ce ya yi kuskure?" Kunyar nan tarbiyya ce da muke alfahari da ita, ban raina ta ba, amma ta ja iyaye da dama sun zo da rasit a hannu suna faɗa da akawu. Abin da nake so kundin ya nuna shi ne yadda za a shirya duba aikin juna ta yadda ƙarami zai yi gyara ba tare da ya ji ya ci fuskar na gaba ba.

Da aikin ya makara, mai shagon ya ɗauko ƙarin mutum huɗu, sai abin ya ƙara lalacewa. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin OS/360, manhajar tafiyar da manyan kwamfutoci, a kamfanin IBM, ya faɗi wannan tun 1975: ƙara ma'aikata a aikin manhaja da ya makara yana ƙara masa makara. Dalilin a fili yake. Tsakanin mutum uku hanyoyin magana 3 ne, tsakanin bakwai kuwa 21, ga kuma tsofaffin da za su ajiye aikinsu su koyar da sababbi. Ko hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta tura duniyar Mars a 1999 saboda rukuni ɗaya ya yi lissafi da ma'aunin fam, ɗayan kuma da na mita, ba wanda ya tsaya ya daidaita su.

Wannan na faɗa wa kwamitin game da kaina. Wata takwas na yajin aiki ba ya biyuwa da wata takwas na ƙari, domin sai ka sake neman mutanenka, ka sake samun yardarsu, ka sake karanta abin da ka rubuta kamar wani ne ya rubuta shi. Dattijon ya yi shiru, ya ɗan rubuta wani abu.

Damuwar da ta rage ita ce kuɗi. Wa'adin bai zo da tallafi ba, kuma rajistar shekarar ni zan biya. Na san a can, a watan Afrilun 2020, hukumar UKRI mai ba da tallafin bincike a Birtaniya ta amince da ƙarin har wata shida tare da kuɗinsa ga masu digirin digirgir da ke shekarar ƙarshe. Don Allah ka turo mini yadda jami'arku ta tsara nata fom ɗin, domin mu kusan goma ne a wannan hali, ciki har da mata biyu masu goyo, kuma muna so mu rubuta takarda guda a kan kuɗin rajista.

Mutumin naka mai babur ja ya samu ƙaruwa, namiji, ya ce kana da bashin kayan suna. Ni kuwa mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan bi ta Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, inda wasu matasa biyar suka yarda in zauna da su wata guda. Yaron shagon ma yana can yanzu, shi ya haɗa mu.

Ka gaida uwargida da yara. Inna tana gaishe ka.

Naka har kullum,
Amininka na Gusau