Minshari da gyangyaɗin rana ba abin wasa ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Mu ma'aikatan lafiya ne a Zariya, muna roƙon fili a jaridarku don jan hankalin magidanta kan barci, musamman minshari, wanda mutane da yawa ke ɗauka alamar barci mai daɗi ce.

Baligi na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. Mai tashi sallar Asuba wajen ƙarfe 5 ya kamata ƙarfe 10 ta same shi a kwance. To amma akwai wanda zai cika awa 8, ya wayi gari da ciwon kai da bushewar baki, ya wuni yana gyangyaɗi har a wurin huɗuba. Sau da yawa matsalar a maƙogwaro take. Idan barci ya yi nisa, naman maƙogwaro da gindin harshe kan saki su toshe hanyar iska. Sai minsharin ya tsaya cak, numfashi ya ɗauke na daƙiƙa 10 ko fiye, iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum ya ja numfashi kamar wanda aka shaƙe, ya koma barci bai ma sani ba. Idan hakan na faruwa sau 5 a awa, ga kuma gyangyaɗin rana, ciwo ne. Idan ya kai sau 30, ya yi tsanani. Kowace zabura tana ɗaga jini, shi ya sa ciwon ke tafiya da hawan jinin da ke ƙin jin magani, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Ya fi kama masu ƙiba da masu kaurin wuya, santimita 43 zuwa sama ga namiji.

Uwargida ce ke fara gani. Don Allah kada kunya ta hana ta faɗa. Ta ɗauki sautin a waya a kai wa likita a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ko asibitin Gambo Sawaba. Kafin nan a daina kwanciya rigingine, a koma ta gefe, a rage ƙiba. Mai tsanani akan ba shi na'urar CPAP mai hura iska ta hanci. Cire beli wurin wanzami ba ya magance shi, sai dai ya jawo zubar jini.

Rashin barci kuwa, idan ya kai dare 3 a mako har wata 3, a je asibiti, kada a nufi kemis. Ƙwayar diazepam mai sa barci tana sa jiki ya saba da ita, ga mai minshari kuma tana ƙara sakin maƙogwaro. Goro da shayi da Nescafe, rabin sinadarinsu mai hana barci na nan a jini bayan kimanin awa 5, don haka a bar su daga La'asar. Ƙailula kada ta wuce minti 30. Wanda ya kwanta minti 20 barci bai zo ba, ya tashi ya zauna cikin ƙarancin haske, ba tare da waya ba, sai ido ya yi nauyi.

Direbobin da ke lodi a Kwangila zuwa Kano ko Kaduna su muka fi jiye wa. Idan hamma ta yi yawa, ko ka kasa tuna garin da ka wuce yanzu, ka faka ka runtsa minti 20. Tauna goro da buɗe gilashi ba sa hana ido rufewa a kan sitiyari.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Zariya.