Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan wurin tayar da jirginsa

Ɗana Sadiku,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya Katsina? Mu nan Daura lafiya lau, Innarka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Yayanka ya nuna mini bidiyon ɗan jirgin nan mai saukar ungulu da ka saya, wanda ake sarrafawa da rimot. Na ji daɗi ƙwarai, don tun kana ƙarami hannunka ba ya rabuwa da kwance rediyo da ɗaura ta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda ka tayar da shi: tsakiyar unguwa, yara sun yi maka zobe, ga wayoyin wuta a bisa kanku.

Farfelar irin wannan jirgi tana iya juyawa sau 2,000 ko fiye a minti ɗaya, kuma idan ta sami fata yanka take yi kamar wuƙa. A shekarar 2013, a birnin New York na Amurka, wani saurayi ɗan shekara 19, gwani ne kuwa a harkar, jirginsa ya sare shi a kai, rai ya yi halinsa. To ina ga yaron da ya sheƙo da gudu don ya riga ’yan’uwansa taɓawa?

Saboda haka ka fita bayan gari ka nemi fako, fili shimfiɗaɗɗe da babu itatuwa, babu falwaya, babu dogon ƙarfen nan na kamfanonin waya. Kafin ka kunna, ka zagaya wurin da ƙafa. Gonar da aka girbe takan yaudari mutum, daga nesa fes, sai ka matso ka ga kututturen dawa tsaye ko’ina. Busasshiyar ciyawa kuma ka guje ta, domin batirin nan idan ya fashe wajen faɗuwa wuta yake kamawa, ka kuwa san yadda gobara take cin daji da rani. Ka tafi da aboki mai hankali wanda aikinsa kawai tsare yara da dabbobi, kowa ya koma bayanka, da tazarar mita 30 aƙalla. Ka ba rana baya. Da hunturu ka fita da sassafe kafin iska ta taso, ranar da hazo ya yi kauri kuma ka haƙura.

Na san ranka zai raya maka filin folo, don faɗinsa. Akwai dawaki a can, doki kuwa idan ya firgita ba ya sanin mai shi. Sai da izinin masu wurin, kuma lokacin da babu doki ko ɗaya.

Akwai wuraren da ko da wasa ban yarda ba: kusa da filin jirgin sama na Umaru Musa ’Yar’aduwa, barikin soja na Natsinta, gidan gwamnati, fadar Sarki, da injinan iska na Lambar Rimi. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta ce ba a tayar da jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ka bincika yadda dokar ta shafi irin naka, kuma kada ka bar shi ya haura mita 120.

Ga kuma halin da jiharmu take ciki. Mutumin ƙauye da ya ga wani abu yana shawagi a kan gidansa ba zai ce ɗalibi ne ke gwaji ba, zai ɗauka masu kai wa ’yan bindiga rahoto ne, kuma ba zan ga laifinsa ba. Don haka ka fara zuwa wurin mai unguwa da mai gonar, ka gaishe su, ka nuna musu jirgin a hannu, ka faɗi ko kai ɗan wane ne. Kada ka yi nisa da gari, kada magariba ta same ka a can.

Idan ka sami wuri, ka kira ni ka kwatanta mini shi kafin ka fara zuwa. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka.

Mahaifinka,
daga Daura.