Masu Jin Abu Yana Tafiya a Fatarsu: A Bincika Kafin a Shafa Magani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana kan wani kuka da ya yawaita a asibitoci da shagunan magani: mutum ya ce yana jin kamar ƙwaro ko tsutsa na yawo a fatarsa, ya duba bai ga komai ba. Wani a ce masa sanyi ne ya yi ta shan ƙwayoyi, wani a ce jifa ne, wani kuma ya shafe jikinsa da kalanzir ko fiya-fiya. Fiya-fiya guba ce mai ratsa fata, tana kisa. Kalanzir kuwa ƙona fata yake yi, ƙaiƙayin ya ƙaru, mai shi ya ɗauka ƙwarin ne suka yi yawa.

Ƙwaro na gaske yana barin shaida. Ƙazuwa tana fitar da ƙuraje a tsakanin yatsu, wuyan hannu, ƙugu da al'aura, ta fi tsanani da dare, kuma da wuya ta tsaya kan mutum ɗaya a gida. Ƙwarƙwata tana cikin ɗinkin tufafi, kuɗin cizo yana bakin katifa da tsagar gado. In an ga wani abu, a kama shi da salatef a kai wa likita. Shi zai kankaro fata a duba da madubin likita.

In ƙazuwa ce, a shafa man permethrin mai kashi 5 cikin 100 daga wuya har tafin ƙafa, har ƙarƙashin farce, a bar shi awa 8 zuwa 14 kafin wanka, a maimaita bayan kwana 7. Duk mutanen gida su yi rana ɗaya, har waɗanda ba su fara susa ba, a wanke tufafi da zanen gado da ruwan zafi, abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi cikin leda aƙalla kwana 3. A nan ake yawan kuskure: ƙaiƙayi kan ci gaba mako 2 zuwa 4 bayan ƙwarin sun mutu. Wanda bai san haka ba sai ya dinga shafawa kullum har maganin ya ɓata masa fata. Ivermectin kuma, wato maganin ƙazuwa na sha, da nauyin jiki ake auna shi, ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba.

To in an yi wannan daidai, babu ƙurji, babu wanda ya kamu a gida, amma tafiyar tana nan fa? Sai a bar fata a koma cikin jiki. Ciwon sukari yana taɓa jijiyoyi, haka ƙarancin bitamin B12. Ƙarancin jini, ciwon ƙoda da na hanta duk suna sa ƙaiƙayi. A auna sukari kafin karin kumallo, a yi gwajin jini, ƙoda da hanta. A faɗa wa likita gaskiyar abin da ake sha, domin tramadol, kodin, daina giya farat ɗaya, har chloroquine suna kawo irin wannan. Bushewar hunturu da man bilicin ma suna da nasu.

Akwai waɗanda duk gwaji zai fito lafiya. Ba ƙarya suke yi ba, abin da suke ji na gaske ne, sai dai daga ƙwaƙwalwa saƙon yake fitowa, sau da yawa tare da damuwa da rashin barci. 'Yan uwa su daina musu da su ko yi musu dariya, su raka su wurin likitan ƙwaƙwalwa, kamar asibitocin tarayya na Kaduna, Maiduguri da Kware. Magunguna irin su risperidone, ƙaramin awo a ƙarƙashin kulawar likita, kan rage jin tafiyar cikin makonni. Kafin nan a yanke farce, a riƙa shafa basilin bayan wanka, a daina tonon fata da allura ko reza.

Wassalam,
Wani ma'aikacin lafiya daga Zariya