Wasiƙa zuwa ga Edita: A koya wa yaranmu 'yan tanis sabis mai lanƙwasa tukunna

Assalamu alaikum Malam Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, don Allah a ɗan sammini fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wasan tanis. Na san shafin wasanni kusan duk ƙwallon ƙafa ta cinye shi, kuma ban ga laifin kowa ba tunda ita jama'a suke so, amma dai akwai mu nan 'yan tsiraru a Kano da Kaduna da Zariya da Jos da muke kwana mu tashi da raket a hannu, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni da tsintar ƙwallo na fara a kulob tun ina ɗan firamare, kamar yadda da yawa daga cikin 'yan tanis ɗin ƙasar nan suka fara, yanzu kuma duk Asabar da Lahadi ina tara yara ina koya musu ɗan abin da na sani. Kwanakin baya na raka wani yarona wata 'yar gasar yara, yaro ne mai hannu wallahi, fohan ɗinsa, wato bugun gefen hannun da yake riƙe raket, manya ma tsayawa suke su kalla, amma sabis, wato bugun da ake fara kowane maki da shi wanda ake ba mutum dama sau biyu, ya kashe shi a gabana ina ji ina gani. Na farko ya ɗaga ya maka da iya ƙarfinsa ta daki raga ko ta wuce layi, na biyu kuma sai tsoro ya kama shi ya ɗan tura ta a hankali kamar mai miƙa sadaka, abokin karawarsa ya shigo ciki ya kashe. Da na duba sauran filayen sai naga kusan duk yaran haka suke yi. Kowa so yake ace sabis ɗinsa ya fi na kowa gudu, babu mai tambayar ina ƙwallon zata je bayan ta faɗi.

Malam Edita lissafin a fili yake. Raga a tsakiya tsayinta mita 0.914 ne, a wajen sanduna 1.07, daga raga zuwa layin sabis kuma mita 6.40 kacal, kai kuma kana can layin baya kusan mita 12 daga ragar. Yaro ɗan shekara 12 da bai gama tsayi ba in yace zai buga ta miƙe sambal da ƙarfi ta tsallake raga kuma ta faɗa cikin ɗan gidan sabis da ke tsakanin raga da wannan layin, ƙofar da yake nema bata fi tafin hannu ba. Abin da zai buɗe masa ƙofar shine ƙwallon ta tafi tana juyawa. Shi yasa nake cewa a fara da silais, wato sabis ɗin da ake shafar ƙwallo ta gefe ta tafi tana lanƙwasa, in ta faɗi kuma bata tashi sama sosai sai ta zame ta ci gaba da gudu gefe. Duk yaron da ya taɓa murza firikik da cikin ƙafa ta zagaye katanga ya riga ya san abin, iska ce ɗaya take aiki, bambancin kawai nan da raket ake yi.

Mai buga da hannun dama silais ɗinsa hagu take karkata. In yana tsaye ɓangaren dama zai iya jan abokin wasa har ya fita daga fili gaba ɗaya, fili ya zama wayam sai inda yaga dama zai ajiye ta biyu. Bahago kuwa tasa dama take yi, kuma Allah ya bashi sa'a domin a ɓangaren hagu take fita waje, kai tsaye cikin bakhan ɗin mai hannun dama, wato bugun gefensa na hagu, kuma a wannan ɓangaren ne ake buga 30-40 da 40-30 da adbantej (makin fifiko bayan 40-40), wato makin da ake rabuwa a kansu. John McEnroe, bahagon ɗan Amurka, da wannan ya dinga wahalar da mutane har ya ci babbar gasar Wimbledon ta Ingila a 1981 da 1983 da 1984. Rafael Nadal ma, wanda shi ma da hagu ya yi wasa, sabis ɗinsa bai taɓa zama mafi gudu a zamaninsa ba, amma in abu ya yi tsanani kowa a filin ya san inda zai aika ta kuma duk da haka a kasa yin komai a kai. In kana da yaro bahago a hannunka baka koya masa wannan ba gaskiya ka tauye shi.

To ga yadda nake yi da yarana, kuma babu abin da yake buƙatar kuɗi a ciki.

Farkon komai riƙo ne, kuma nan ne ake yaƙin. Yawancin yaranmu riƙon mafici suke wa raket, fuskarta tana kallon raga tun daga farko har ƙarshe, da wannan riƙon ko shekara goma kayi ƙwallo ba zata lanƙwasa ba. Dole a koma riƙon guduma, wanda kociyoyi suke kira kwantinental, ka riƙe ta kamar zaka buga ƙusa da gefenta. Ni sai in sa yaro ya dinga dukan ƙwallo ƙasa da kaifin raket ɗin, ba da zaren ba, yana ƙirgawa, in ya kai 20 bata kuɓuce ba to hannu ya fara sabawa. Abin da nake so iyaye da kociyoyi su sani shine sati biyu ko uku na farko sabis ɗin yaro lalacewa zai yi, ƙwallo zata dinga tafiya hagu can wajen waya, zai ji kunya a gaban abokansa, kuma kana juya baya zai mirgina hannu ya koma riƙonsa na da. Anan ne yawanci ake sarewa. Ni in naga ƙwallo ta gudu hagu murna nake, domin alama ce ta fara juyawa, saiti kawai ya rage, sai ince masa ya nufi dama da inda yake so kaɗan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda ya kai shekara 18 da riƙon mafici canza shi aiki ne ja.

Daga nan bana barinsu su je layin baya sam. A layin sabis muke tsayawa, kusa da raga, yaro ya matso da hannunsa sama wajen wuyan raket, babu tsalle babu lanƙwasa gwiwa, ya ɗan cilla ƙwallo ya shafe ta ta gefen dama. In ka ɗauki ƙwallon kamar fuskar agogo to wajen ƙarfe 3 zaka taɓa, bahago kuma ƙarfe 9. Misalin da yafi shiga kansu shine mai rake, ka kalli yadda wuƙarsa take bin gefen raken tana feƙe ɓawo bata sare shi biyu ba, to haka raket zata wuce ta gefen ƙwallo. Kuma kunne ma yana koyarwa, bugun tsakiya ƙara yake yi fau, shafa kuwa wani shuu zaka ji kamar an ja tsintsiya a siminti. Ina cewa su rufe baki su saurara. Wata dabarar kuma ka samu alƙalamin maka ka zana baƙin layi ya zagaye ƙwallon, ko ka shafe rabinta da baƙi, yaro da idonsa zai ga ko tana juyawa ta gefe kamar katantanwa ko kuwa tafiya kawai take. In ya samu 8 cikin 10 suna lanƙwasa sai ya ja baya taku biyu, haka haka har ya isa layin baya, wani a kwana ɗaya, wani sai ya yi sati uku kuma duk daidai ne.

Cillawa sama ita ma sai an ware mata lokacinta. Ta silais tana ɗan fita gaba da dama kaɗan, ba bisa kai ba. Sai yaro ya ajiye raket a ƙasa gaban ƙafarsa ta hagu ɗan dama kaɗan, ya cilla ya bar ta ta faɗo, ana so ta sauka kan zaren. Lokacin hunturu da iska take kaɗawa da safe wannan atisayen yana da wuya amma ni na fi son sa a lokacin, wanda ya iya cillawa a iskar Disamba ya iya ta ko'ina. Sai dai kar a bari ya dinga jefa ta can nesa dama don neman lanƙwasa da yawa, domin duk mai ido zai gane abin da ke zuwa tun kafin a buga. Roger Federer abin da yasa sabis ɗinsa ya gagari mutane kenan, kusan wuri ɗaya yake cillawa ko ina zai aika ta, kuma tsayinsa mita 1.85 ne, ba wani zanƙalele bane a cikin 'yan tanis.

Atisayen da na fi so duk a ciki shine na faɗuwa biyu. Ina jera gwangwanayen madara guda uku a kan layin gefe na gidan sabis, ba a can kusurwa ba, kamar taku ɗaya da rabi kafin kusurwar ta wajen raga, domin silais mai kyau gajeriya ce, da wuri take faɗuwa ta fice. Amma bana ba yaro maki don ya kaɗe gwangwani kawai, inda ta faɗi karo na biyu nake kallo. In faɗuwa ta biyu tana cikin faɗin fili to bata yi ba ko da ta shiga, in ta tsallake layin 'yan bibbiyu, wato layin gefe na can waje, ta nufi wayar gefe to wannan ita ce, sai in ajiye jarkar ruwa a wurin ince ita ake nema. Da farko ina barinsu su tsaya can gefe kusa da layin 'yan bibbiyu inda kwanar take da sauƙi, in sun samu sai su dinga matsowa tsakiya taku ɗaya ɗaya har su dawo inda ake tsayawa a wasa na gaske. Wani lokacin kuma in soke doguwar gora a jikin raga ince ƙwallo ta bi ta damanta sannan ta faɗi ta hagunta, ranar da yaro ya fara zagaye gorar nan zaka ga fuskarsa, daga ranar baka ƙara roƙonsa ya riƙe raket daidai.

Bayan haka sai a haɗa da wasa, domin sabis a kwando daban yake da sabis ana ƙirga maki. Muna buga maki 10, mai sabis ƙwallo ɗaya kawai gare shi babu ta biyu, dole silais, kuma bugunsa na gaba dole ya tafi ɗaya ɓangaren da aka bari a buɗe. Mai karɓa ya san inda zata zo, an gaya masa, to a hakan ake so a ci shi. A ɓangaren hagu kuma mai hannun dama ya koyi aika ta tsakiya, ko ya nufi bakhan ɗin mutum ta lanƙwaso ta shige masa jiki ya rasa inda zai sa hannu, wannan ta jikin yaranmu basa amfani da ita ko kaɗan kuma maki ne na banza a zube.

Abu biyu zan ja kunne a kai. Kafaɗa ba ƙarfe bace, ni bana barin ƙaramin yaro ya wuce sabis 40 zuwa 50 a rana, kuma sai an ɗumama jiki da jifan ƙwallo da hannu tukunna, in yace gwiwar hannu ko kafaɗa tana masa zafi an tashi kenan ranar. Sai maganar ƙwallaye, wadda ita ce ciwon da muke fama dashi. Gashin jikin ƙwallo shi yake kama iska har ta lanƙwasa, a manyan gasa bayan gem 7 (gem shine zagayen sabis na mutum ɗaya) ake canza sababbi sannan duk bayan gem 9, mu kuwa ƙwallo sai ta yi sanƙo tas a siminti muna bugawa saboda tsadar gwangwanin ƙwallaye ɗaya. Yaro zai yi komai daidai da irin wannan ƙwallon ya ga bata karkata ba sai ya ɗauka shi ne bai iya ba. Don haka ina roƙon manyanmu da suke buga wasan yamma a kulob, ƙwallayen da kuka buga sau biyu kuka ajiye a but ɗin mota don Allah ku miƙo wa masu koyar da yara, a wajenmu sababbi ne, ni har ware masu gashin nake in ɓoye su don ranar sabis kaɗai.

Ƙasar nan ta taɓa fitar da Nduka Odizor da ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, kuma gasar Dala Hard Court ta Kano ta daɗe tana tara manyan 'yan wasan Najeriya a nan Arewa, yaranmu suna zuwa kallo suna tsintar ƙwallo suna sha'awa. Roƙona gare ka Malam Edita shine in lokacin gasar ya zagayo a turo wakili, kuma ko sau ɗaya a wata a ba tanis ɗan gurbi a shafin wasanni, kociyoyin da suka fi ni sani su ma su rubuto nasu dabarun da Hausa yadda yaro zai karanta a waya ya tafi fili ya gwada. Yaron nan da na faɗa a farko yanzu satinsa biyar da riƙon guduma, jiya Lahadi ya zagaye gora sau 6 cikin 10, saura mu ga ko zai riƙe hakan ranar da ake ƙirga maki.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai koyar da yara tanis, daga Kano