A fara binciken da gyambon kwanciya

Malam Edita,

Masu bincike kan na'urorin kula da tsofaffi su fara da gyambon kwanciya. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar sai an juya shi duk awa 2, in ba haka ba jini ya daina isa fatar ƙugu da dunduniya, wurin ya yi ja, ya fashe. Katifar iska mai famfo tana ragewa, amma da an ɗauke wuta sai ta sace, ƙashi ya koma kan katako. A gwada mai batir ko sola wadda za ta kwana tana aiki, a kuma jarraba ledarta a zafin Afrilu, don gumi na jiƙa fata ta yi saurin salewa.

Agogon hannu mai gano faɗuwar tsoho ya jira tukuna. In ya yi ƙara, wace motar asibiti za ta zo?

Wata ma'aikaciyar jinya